Itacen Wankan Rabi

Ku 'ya'yana da jikokina, na san abin da ake faɗa a garin nan a kaina. Ana cewa Dije ce ta hana surukarta itacen wanka saboda rowa, har ku jikokin kuna tsokanata da shi duk ranar da na hana ku ƙarin tuwo. Ina dariya in kun faɗa, amma abin yana yi mini ciwo, kuma ba na son in mutu in bar ku da labarin da 'yan bakin rijiya suka tsara. Don haka ku ji shi daga bakina tun harshena yana juyawa.

Ku na yanzu ba ku san nauyin itacen wanka ba. A ƙasarmu ta Gidan Sori, in mace ta yi cikin fari takan koma gidan iyayenta ta haihu a can, ta zauna har ta yi arba'in ana yi mata wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma. Itacen da za a dafa ruwan kuwa yana wuyan miji. Da zarar ciki ya tsufa, sai ya shiga gonar ubansa da gatari, ya kayar da babban itace, ya faskare shi, ya bar shi ya bushe, sannan ya loda a amalanke ya kai gidan surukai a jibge a ƙofar gida inda kowa zai gani. Da tsayin wannan tsibi mata suke auna mijin. Na kasuwa ba ya shiga lissafi, don ana cewa wanda ba shi da gona ne yake sayen itace. In tsibin ya yi kaɗan, uwar yarinya ta ji kunya a gaban tsaranta. In babu shi sam, to an gama magana, mijin bai ɗauki 'yar mutane a bakin komai ba.

Lokacin da aka kawo ni garin nan amarya, wannan al'ada ba ta da wuya, itatuwa ne ko'ina. Ina ji ina gani suka ƙare. Kowa ya yi sassabe sai ya tumɓuke har kututture, don a ce gonarsa tas take. Daga baya iska ta sami hanya. Mu shuka hatsi ya tsiro, ta zo da yashi ta yanke shi ko ta binne, mu sake shuka, ta sake dawowa. Mu mata kuwa mu fita neman abin hura wuta tun da safe, mu dawo rana tsaka da saiwoyi da kashin shanu a ka, wuya kamar ba namu ba. A gonar ubanku Malam itace babba ɗaya ya rage, wata ƙirya da ke tsakiyar gonar, wadda nake tsintar 'ya'yanta in yi daddawa.

Laminu, ɗana na uku, ya yi lakol, wato makarantar boko, a Tibiri ya dawo babu aikin ofis, ya zauna a fada, majalisar samarin nan ta bakin hanya, da abokansa suna dafa shayi daga hantsi har magariba. Ni kuwa ba na raga musu. In na wuce sai in ce a gaida ma'aikatan gwamnatin butar shayi, su kwashe da dariya su ce Inna ta fara. Wata shekara aka gayyace su Agiye su ga gonakin wasu manoma. Yaron nan ya dawo kamar an sauya shi. Ya ce a can gonaki cike suke da itatuwa, kuma ba dasa su aka yi ba, kututturen da muke tumɓukewa ne suka bari ya yi toho, suna rage rassan suna barin masu ƙarfi. Daga nan fadarsu ta zama ƙungiya, har da 'yan mata a ciki. Suka riƙa bin gidajen tsofaffi da zawarawa suna gina musu murhun laka mai cin itace kaɗan, ba su karɓar ko goro. Suka yi gayya suka noma wake, da kuɗinsa suka sa wa ɗakin haihuwa na asibitin garinmu fanno, allon nan mai kama hasken rana, aka daina karɓar haihuwa da tocila a baki. Suna ta maganar duniya ta ɗumama, damina ta rikice saboda hayaƙin da ake yi a ƙasashe masu nisa. Rabin wannan ban gane shi ba a lokacin, amma na gane murhun, don wuyana ya huta.

Babban abin da suka yi shi ne alkawari. A gaban mai gari da dattawa, Laminu ya tsaya da bakin matasa ya ce daga ranar babu mai kayar da ɗanyen itace a ƙasar garin, sai dai a rage rassa. Dattawa suka yarda da baki, zukatansu kuwa Allah ne masani. Akwai wani Ɗan Jimma mai ƙona gawayi, wanda alkawarin ya tsayar wa da sana'a. Ya miƙe a wurin yana kaɗe riga ya ce:

"Mun ji, yaro. Amma matarka na nan tahe da ciki wata rana. Ranar da ƙiryar ubanka taf faɗi, kowa ya ɗauko gatarinai."

Ba a yi shekara ba cikin Rabi ya fito. Rabi matar Laminu 'yar Kulu ce, Kulu kuwa ƙawata ce tun muna 'yan mata a dandali, kafin aure ya kai ta wani ƙauye wajen Cadakori. Ko da 'ya'yanmu suka yi aure ba mu yi kunyar surukai ba. Sunan juna muke kira, faifai ɗaya muke ci, in mun haɗu a biki sai an raba mu da hira. Da bazara ta kama aka zo aka tafi da Rabi gida, garin nan kuma ya zuba ido a kan ƙirya. Wata safiya Malam ya wasa gatari da kansa, ya kira Laminu ya ajiye a gabansa.

"Ni na sare ma uwarka icce, ubana ya sare ma uwata. Tashi ka tai gona."

Laminu ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Baba, ka yi mani gafara. In na sare ta yau, kahin damina babu iccen da za ya saura tsaye garin ga. Ni na yi magana gaban mutane."

"To ka zaɓa, ko icce ko mata."

Malam bai faɗa don mugunta ba, ya san abin da zai biyo baya ne. Kuma ya biyo. Rabi ta haifi 'ya mace, kai da ƙafa lafiya, ke ce Hassu da kike sauraron wannan kina murmushi. Tare da albishir sai ga saƙon Kulu: ƙofar gidanta wayam, da itacen rance ake yi wa Rabi wanka, mata suna yi mata dariya, in ba a ga amalanken itace ba kada wanda ya zo ɗaukar mata 'ya bayan arba'in.

Laminu bai zauna haka kawai ba. Tun cikin yana ƙarami shi da abokansa suke ta ƙere-ƙere a bayan gida. Sun sami tano, babbar gangar ƙarfe, suka shafe ta da baƙin fenti, suka kwantar da ita a cikin akwatin katako da suka cusa wa ƙaiƙayi, suka rufe sama da gilashin wata matacciyar mota. In an cika ta da ruwa da hantsi aka bar ta a rana, kafin la'asar ba ka iya barin hannu a ciki. Ni da kaina na tsoma gwiwar hannu na fizge da salati. Abin da ya rage kafin ya tafasa kaɗan ne, 'yan rassa a murhun laka sun isa. Sun tara damman rassan da suka rage daga gonaki, busassu. Matsalar ita ce wa zai kai. Miji ba ya shiga cikin gidan surukai ya tsaya a kan wankan jego, in kuma aka aika da tano kawai, a bayan danga za a jefar da ita awaki su hau.

Na kwana biyu ina juya abin a raina. Ina son Kulu, ina son Rabi, kuma na ƙagu in ga jikata. Amma na haifi yaro na gan shi yana lalacewa a gindin butar shayi, sannan na gan shi ya zama mutumin da dattawa suke yi wa shiru in yana magana. Na san in ƙiryar nan ta faɗi, ba za a sake yi masa wannan shirun ba har ya tsufa, kuma ku da ba a haifa ba a lokacin za ku gaji gonar da iska ta share. Sai na sami Malam yana alwala na ce masa ni zan je in yi wankan da hannuna. Ya dube ni kamar na zare.

"Uwar miji ta tai gidan surukai ta hura wuta awa baiwa? Dije, girmanki za ki zubar."

"Nawa ne, Malam. In ya zube ni ka kwashe shi."

Bai ce je ki ba, bai ce kada ki je ba, ya dai ci gaba da wanke ƙafarsa. Na ɗauki wannan a matsayin izini. Aka loda mini tano da damman rassa da buhun laka a amalanken shanu, na haɗa da gero da kanwa da kayan yaji na mai jego, da turmina da taɓarya, don ni ban iya daka a turmin wani ba. Muka ƙetare gulbi yana busasshe, muka isa garinsu Kulu da azahar.

Ban taɓa shan kallo irin na ranar ba. Mata suka fito har da masu ludayi a hannu. An saba ganin gungume, sai ga tsohuwa a kan baƙar ganga da 'yan tsinke. Kulu ta fito ta tsaya a bakin zaure, ta kama ƙugu.

"Dije, mi an nan? Shanya mani ɗiya za ki yi ga rana awa kuɓewa?"

Matan suka fashe da dariya, ni ma na taya su, don maganar ta yi daɗi. Na sauko na ce mata ta ba ni gefen tsakar gida inda rana take zama, in ruwan bai yi mata ba ta kore ni. Ta dube ni sama da ƙasa, sannan ta ce:

"Don ke ce na bari ki shigo. Sahe da marece ni ka taɓa ruwan da hannuna. Ranar da yak kasa, ki ɗau gangarki ki koma ke ɗai. Rabi ta zauna."

Na gina murhuna a ranar, na aro garwashin maƙwabta na gasa shi don ya bushe da wuri. Daga nan aiki ya kama. In cika tano da hantsi, da la'asar in tsiyaye rabi in ƙarasa shi a murhu da 'yan rassa, in jefa ganyen tsamiya. Sauran in rufe akwatin da buhuna ya kwana da ɗuminsa, da safe in ƙarasa shi. Kowane wanka Kulu sai ta zo ta miƙa yatsu cikin tururin, ta janye, ta wuce ba ta ce komai ba. Rashin maganar nan tata shi ne yabon da na samu. Rabi kuwa, ita da ta gina murhu da hannunta a gidajen mutane tare da 'yan ƙungiya, a gidan uwarta da 'yar fari a cinya ba ta da baki. Sau ɗaya ina fyaɗa mata ruwa da ganye ta kama zanena ta ce a hankali:

"Inna, kada ki tahi ki bar ni."

Na ce mata ta riƙe kanta, ban zo don in koma ni kaɗai ba.

Mun ci fiye da rabin kwanakin lafiya lau, har matan da suka yi dariya suka fara zagayowa suna leƙen akwatin, suna tambaya ko yana dafa wake. Sai damina ta faɗi da wuri, kuma ta faɗi da ƙarfi. Hadari ya rufe sama ya ƙi tafiya. Ruwan tano ya koma kamar na randa. Dole na riƙa dafa shi tun daga sanyinsa, rassan da na yi tsammanin za su kai ni arba'in suka narke a 'yan kwanaki. Na so in aika wa Laminu ya ƙaro, aka ce gulbi ya kawo, amalanke ba ta ƙetarewa. Karan dawa babu a garin, dabbobi sun cinye tun bazara, kashin shanu kuma ya jiƙe sharkaf. Ranar da na sa damin ƙarshe a wuta na yi wa Rabi wankan safe, na zauna a gindin murhu ina kallon toka.

Kulu ta gani, don babu abin da yake wuce ta a gidanta. Ta shiga ɗaki ta fito da gatari ta ajiye a gabana. Muryarta babu faɗa, har da tausayi a ciki.

"Kin yi ƙoƙari, ƙawata, kowa ya gani. Ga gawo can bayan gida. Ki ce a sare, yanzu ɗiyana maza su kada shi, mu hura da ɗanyenai. Amma ki sani, in anka yi ma Rabi wanka da iccena, to ni na riƙe ɗiyata, ba ɗanki ba."

Na san ba Rabi kaɗai zan rasa ba. Ranar kasuwar Cadakori labari zai isa kunnen Ɗan Jimma cewa an kayar da ɗanyen gawo don matar Laminu, kuma uwarsa ce ta ce a sare. Na ɗauki gatarin. Kulu ta ɗauka bayan gida zan nufa in nuna wa samarin. Sai na nufi gindin rumbu inda na kife turmina don kada ruwa ya shiga.

Turmin nan na ƙirya ne, uwata ta sa aka sassaƙa mini shi da zan yi aure. A cikinsa na daka furar sunan kowane ɗa da na haifa. Ya tsufa har bakinsa ya yi santsi, da wata 'yar tsaga a gefe. Na kwantar da shi, na saita gatari a tsagar, na ɗaga na sauke. Ƙirya ba ta jin gatari da sauƙi, balle a hannun tsohuwa. Sara na farko ko gezau bai yi ba. Ina cikin na uku Kulu ta ƙwalla ƙara ta riƙe mini hannu.

"Dije, kin haukace? Wanga turmi ni na ɗauko shi bisa kaina ranar da anka kai ki! Tun daga garinmu ban sauke ba, har wuyana ya kwana ukku bai juyawa!"

"Na sani, Kulu. Sakan mani hannu, la'asar na tahe."

"Don icce? Don iccen daji za ki hwasa shi?"

Na ce mata wannan ya riga ya mutu tun muna 'yan mata, wancan na bayan gida kuwa yana da rai. Ta sake ni, ta ja da baya. Na ci gaba da sara ina kuka, ba zan ɓoye muku ba, hawaye da majina, tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe. Matan gidan suka tsaya cirko-cirko, babu mai dariya yanzu. Sai wajen azahar ya buɗe biyu, daga nan ya yi sauƙi. Na faskara shi ƙanana-ƙanana, na haɗa da taɓaryar. Busasshiyar ƙirya wuta ce mai riƙo, garwashinta ba ya saurin mutuwa, a murhun laka kuma kaɗan take ci. Da la'asar ruwa ya tafasa har yana tsalle. Na aika a kira Kulu ta taɓa, ta ce ba ta zuwa, a yi wankan. Daga ranar ba ta sake miƙa hannu cikin tururin ba.

Turmin ya riƙe mu har sama ta washe, rana ta dawo ta karɓi aikinta. Muka cika arba'in babu wankan da ya faɗi. Gulbi ya janye, aka turo amalanke daga gida. Kulu ta yi wa 'yarta duk abin da ake yi, kitso da lalle da ƙullin yaji da tuwon rakiya, ba ta rage komai ba. Ta goya Hassu da kanta har bakin amalanke, ta kwance ta miƙa mini. Na buɗe baki zan ce Kulu, sai ta durƙusa a gabana har ƙasa, irin gaisuwar da ake yi wa surukai, ta kawar da kai gefe.

"Ga ɗiyarku nan, an cika maku alkawari. A gaida mutanen gida. Allah shi kiyaye hanya, uwar Laminu."

Tun muna yara ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Dije. Na tsaya da jaririya a hannu ina jira ta ɗago ta yi dariya ta ce wasa take. Ba ta ɗago ba. Haka muka zauna har yau, in mun haɗu a biki ta durƙusa in durƙusa, mu tambayi lafiyar gida, kowa ta kama gabanta. Na yi kewarta fiye da yadda zan iya faɗa muku, kuma ina kan yi. Amma ban taɓa zuwa na ce mata na yi kuskure ba, don ban yi ba, kuma ko yau aka mayar da ni gindin rumbun nan gatarin zan ɗauka.

Mun iso gida da yamma. Labari ya riga mu, mutane sun taru a ƙofar gida, Ɗan Jimma yana cikinsu a tsaye daga baya, ya leƙa ya ga Rabi a kan amalanke, ya juya ya tafi. Malam ya fito ya karɓi jikarsa, bai ce mini komai ba sai sannu da hanya, amma ya faɗa sau biyu. Laminu ya hau sauke kaya, bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya sauke tano, ya sauke buhuna da ƙwarya, ya ɗaga tabarma ya duba ƙarƙashi, ya zagaya ɗaya gefen ya sake dubawa. Sannan ya ga tsumman da na naɗe tafin hannuna da shi, murmushin ya ɗauke.

"Inna, ina turminki?"

"Bar neman turmi. Kama ma matarka ta sauko, ta gaji."